Gyaran iyakar fili a Zariya: waɗanda suka bi ta wannan hanya su ba mu labari

Malami daga Tudun Jukun:
Assalamu alaikum. Ina da fili mai ƙafa 50 da 100, da takardar mallaka ta gwamnati, kuma maƙwabcina na gabas ya amince ya sayar mini da ƙafa 10 daga gefen nasa domin in samu mashigar mota. Mun daidaita a kan kuɗi, amma ban biya ba tukuna, domin wani dattijo ya gargaɗe ni cewa matsar da katanga ba shi ne matsar da iyaka ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ƙara fili, ko ragewa, ko rabawa, ko haɗewa, ya faɗa mana yadda ta kaya.

Safiyo mai ritaya, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon nan ya faɗa maka gaskiya. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da ke hannunka kuwa izinin zama ne, wanda ga gidan zama yawanci shekara 99 ne, kuma sashe na 22 ya hana mai takarda ya sayar da filin, ko wani yanki nasa, sai da amincewar gwamna. Takardarka tana tafe da zane mai lambobin turakun siminti da aka kafa a kusurwoyi, kuma wannan zanen hukuma ta sani, ba bulon da magini ya jera ba. Saboda haka ƙafa 10 ɗin nan takardu biyu za su taɓa: a rage a tasa, a ƙara a taka, a sake awo, a kafa sababbin turaku. A Jihar Kaduna sha'anin takardun fili yana hannun KADGIS, wadda aka kafa da dokar 2015, izinin gini da tsarin unguwa kuma yana hannun KASUPDA.

Abin da na fi gani a lokacin aikina shi ne mutane suna duban wanda ya ƙaru, suna mantawa da wanda ya ragu. Idan nasa ma ƙafa 50 ne, maƙwabcinka zai koma ƙafa 40, kuma idan aka cire tazarar da dole a bari tsakanin gini da iyaka, mai yiwuwa ɗakinsa na gefe ya zama ya saɓa ƙa'ida. Na taɓa auna wani gida a Hanwa inda iyaye biyu suka yi irin wannan ciniki da fatar baki, suka rasu, sannan magada suka zo sayarwa. Tef ya nuna cewa kicin da rabin banɗakin maƙwabci suna cikin filin da ake sayarwa, kuma babu shaida ko ɗaya da ya rage a raye.

Hajiya daga Kwarbai:
Namu ya bambanta, domin gidan gado ne a cikin ganuwa, wanda tun kakanni ba shi da wata takarda sai sanin mai unguwa da maƙwabta. Da mahaifinmu ya rasu, kotun shari'a ta raba, kowa ya san rabonsa a lissafi, amma da aka zo ja da igiya a tsakar gida sai aka ga abin da lissafi bai nuna ba. Zaure ɗaya ne, rijiya ta faɗa rabon Yaya, indararon ɗakin Inna kuma yana zuba a rabon ƙanena, kuma ni da na samu ɓangaren ƙurya ba ni da hanyar fita sai ta cikin na wani. Safiyon da muka ɗauko ya ce ba zai zana yankin da ba shi da mashiga ba, domin ba a ba irinsa takarda. A gaban mai unguwa muka zauna, kowa ya sadaukar da ɗan abin da ya samu aka fitar da lungu, aka rubuta shi a matsayin hanyar kowa, sannan aka juya indararon. Ina ba mata 'yan'uwana shawara su tsaya da kansu ranar awo, domin sau da yawa mace ce ake turawa ƙurya.

Ɗan kasuwa, Dogarawa:
Ni haɗewa na nema. Na sayi filaye biyu da ke kusa da juna, dillali kuma ya haɗa mini da ɗan tsirin da ke tsakaninsu, ya ce rara ce. Da aka ɗora awona a kan taswirar unguwa, sai ga shi tsirin hanya ce da aka tsara, ko da yake ciyawa ta rufe ta, kuma ba a haɗe filayen da hanya ta ratsa. Kuɗin tsirin har yau suna wurin dillalin. Malam, ka sa a duba taswirar kafin komai, kuma idan kana da niyyar fitar da shago a wannan gefen, ka sani cewa sauya fili daga na zama zuwa na kasuwanci wani izini ne daban.

Magini, Gyallesu:
Ranka ya daɗe safiyo, ban musa maganarka ba, amma ya kamata a faɗi dalilin da ya sa talaka yake tsayawa a takardar mai unguwa. Kuɗin awo, da na lauya, da na sabunta takardu biyu, kan iya kusantar kuɗin ƙafa 10 ɗin kansu. Wani da na yi wa aiki ya fara bin hanyar, sai aka tarar maƙwabcinsa yana da bashin harajin fili na shekaru, kuma sai an biya kafin a taɓa fayil ɗinsa. A nan maganar ta tsaya.

Safiyo mai ritaya, Samaru:
Haka ne, ɗana, kuma takardar mai unguwa tana da amfani a matsayin shaidar cewa an yi ciniki, sai dai ba ta canza zanen da ke cikin fayil. Abin da nake gani shi ne a sa kuɗin gyaran takardu cikin cinikin tun farko, a rubuta wanda zai biya, kuma mai saye ya riƙe wani kaso har sai amincewa ta fito.

Malami daga Tudun Jukun:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da maƙwabcina, ya yarda zai fito da takardarsa da rasidin harajinsa, kuma za mu sa a auna tazarar ɗakinsa kafin a ƙara maganar kuɗi. Baba safiyo, saura tambaya ɗaya: buƙatar rage nasa da ta ƙara nawa, tare ake shigar da su, ko sai tasa ta kammala?