An kai ƙanena ajiya gidan yarin Kurmawa na Kano kan faɗa, ta ina zan fara?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗan adaidaita sahu ne. Ranar Talata rigima ta haɗa shi da abokin sana'arsa a wajen Ƙofar Wambai kan fasinja, har ta kai ga doke-doke, kan wancan ya fashe aka yi masa ɗinki. Ranar Alhamis 'yan sanda suka gurfanar da shi a kotun majistare. An karanta masa tuhuma ya musanta, alƙali ya tura shi ajiya Kurmawa, ya ɗage zama. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba, Inna ko abinci ta daina ci. Maƙwabcinmu ya ce gara ya amsa laifin a ci shi tara a wuce wurin. Haka ne? Kuma ni mace, zan iya tsaya masa?

Wani lauya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Don Allah kada ya bi wannan shawara da ka. Idan ya amsa laifi, alƙali na iya yanke masa hukunci nan take ba tare da jin shaidu ba, kuma babu wanda ya isa ya yi muku alkawarin tara ce za ta fito. Ajiya ba ɗauri ba ce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce marar laifi ne har sai an tabbatar.

Ki fara neman kwafin takardar ƙarar 'yan sanda, wato FIR, a ga sashen da aka ɗora masa. Kundin dokokin laifuka, wato Penal Code, ya raba rauni da mummunan rauni. Karaya, zubar haƙori, rasa ido, ko ciwon da ya kwantar da mutum kwana 20, duk mummunan rauni ne. Idan an ce da makami aka yi, ko da ƙarfen jak ne, nauyin ya ƙaru. Shi ya sa rahoton likita ke da muhimmanci. Irin wannan tuhuma ana ba da beli a kanta, lauya ya roƙa a zama na gaba. In babu halin ɗaukar lauya, je ki ofishin Legal Aid Council, aikinsu ke nan ga marasa ƙarfi.

Wata uwar gida daga Dorayi: Ni na taɓa tsaya wa ɗan yayata. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, ta hana a ƙi mai tsaya wa mutum a beli don kawai mace ce, Kano ma ta yi tata dokar a 2019. Sai dai alƙali ne ke gindaya sharuɗɗa. Ki tanadi katin shaida da hotuna, kuma za a iya zuwa duba gidanki. Ki ja masa kunne sosai, ranar da ya ƙi zuwa kotu ke za a nema.

Wani dattijo daga Fagge: 'Yata, duk an yi maganar naku, ba a tambayi mai rauni ba. Kun je dubiya? Ku ɗauki kawunku da mai unguwa ko shugabannin ƙungiyarsu, ku je ku ba da haƙuri, ku ɗauke masa kuɗin magani. Shi ma da iyalinsa, kwana nawa ke nan bai fita nema ba.

Lauyan: Baba ya yi gaskiya. Amma a tafi da girmamawa, kada ya zama kamar matsin lamba ga mai shaida. In an daidaita a rubuta, a sa hannu, a sanar da mai gabatar da ƙara, a kai gaban alƙali. Sulhun zaure kaɗai ba ya rufe ƙara.

Mai neman shawara: Allah ya saka da alheri. Wallahi kunya ce ta hana mu zuwa dubiya, Baba. Na kira Kawu, gobe bayan la'asar za mu je, da safe kuma in nemo takardar.