Man sanaubar ɗina ya canza wari, in ci gaba da sha?

Maman Ummi, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya yi mini tsarabar man sanaubar daga Umara, wai yana gyara jiki da fata. Wata biyar ke nan yana kan taga a kicin, ina shan ƙaramin cokali da safe. Yanzu warinsa ya koma kamar na fenti, ga maƙaƙi a maƙogwaro. Haka yake ko ya lalace? Kwalbar ko rabi ba ta yi ba, ina jin asara.

Malamin kimiyya, Daura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ya lalace, ki haƙura da shi. Ana tatso man ne daga ƙwayar itacen sanaubar, wato pine a Turance, itace mai ganye kamar allura, galibi na Saberiya a Rasha ko na Koriya. Kusan rabinsa wani kitse ne mai suna linolik, ga kuma wani mai suna finolenik da ake yabonsa a kai. Matsalar ita ce irin wannan kitsen bai jure iska da haske da zafi. Abin da ke tsare shi bitamin E ne da ke cikinsa, wato antioksidan ɗin da kike ji ana talla. Shi ne ke hana iskar oksijin saurin lalata man, yana yi yana ƙarewa. To ki haɗa da zafin Katsina na watan Afrilu, ma'auni ya haura 40, kwalba a taga! Warin fentin nan shaida ce mai gadin ya ƙare. A ɗakin gwaji adadin feroksaid ake aunawa, wato sinadarin da ke taruwa in mai ya fara lalacewa, kuma ƙa'idar Codex ta ingancin abinci ta duniya ta ce kada ya wuce 15 ga man da aka tatsa ba da wuta ba. A gida kuwa hancinki ya isa.

Anti Binta:
Ni dai tsorona ɗaya, ki duba kwalbar tukuna. Akwai wanda ake yi da ganyen itacen don ƙamshi da goge ƙasa, shi ba a sha ko kaɗan.

Maman Ummi:
Na duba Anti, wanda ake sha ne, har da hoton ƙwayar a jiki. Ko in riƙa shafawa tunda ba ya shawuwa?

Malamin kimiyya:
A'a Hajiya, abin da kike nema a cikinsa ya riga ya tafi, kuma zai iya sa miki ƙaiƙayi. In Allah ya sake kawo wani, ki nemi ƙaramar kwalba mai duhu, ki rufe gam, ki sa a firji, kada ki yi suya da shi.

Hajiya Kaka:
Firji da wannan wutar tamu? 'Yata, ga man riɗi nan a kasuwa, sabon tatsa. Shekara nawa muna ajiye shi a ɗaki bai yi mana haka da wuri ba.

Malamin kimiyya:
Gaskiyarki Hajiya Kaka. Riɗi yana da nasa masu gadin, sesamolin da sesamol, shi ya sa yake daɗewa.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai. Bari in zubar kafin Yaya ya zo ya tambaya.