Karatu a Suwidin ko Finlan, wa ya san kan abin?

Sabon ɗalibi:
Salam jama'a, ina son yin digiri na biyu a Suwidin ko Finlan, wai da gaske ne karatu kyauta ne a can?

Yayanku:
Da can ne ƙanena. Suwidin ta sa wa 'yan wajen Tarayyar Turai kuɗin makaranta tun 2011, Finlan 2017, ƙasar Nowe (Norway) ma ta bi sahu a 2023. Nemi sikolashif da wuri don tsakiyar Janairu ake rufe neman gurbi a Suwidin.

'Yar Helsinki:
Ni wallahi a Helsinki, babban birnin Finlan, duhun Disamba ne ya fi bani wahala, ƙarfe uku da 'yan mintoci rana ta faɗi, ga kaɗaici. Amma malamai akwai sauƙin kai, da sunansu ma ake kiransu.

Sabon ɗalibi:
Nagode sosai, to batun aiki fa?