Babur a kan sabuwar kwalta da sanyin hunturu

Ɗan Acaɓa: Jama'a, me ya sa babur ke zamewa a sabuwar kwalta da asuba nan Gombe?

Mai Faci: Malam, sanyin Disamba yana rage iskar taya, robar kuma ta sandare. Auna iska kafin ka fita, kusan PSI 25 (ma'aunin iskar taya) a gaba, 28 a baya. Kilomita biyun farko tafi a hankali, taya ta ɗumama.

Bakanike: Sabuwar kwalta tana da maiƙo, ga tsakuwar da ba a share ba a kwana. Kar ka damƙe birkin gaba, haɗa da na baya. Bakin kwaltar ya fi ƙasa tudu, kar ka hau shi a karkace.

Direba: Hazo fa? Kunna fitila, ko da rana.