Kifin kilawun ɗina biyu sun mutu cikin mako guda, ɗaya ya rage, dan Allah a taimaka

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Wlh raina a ɓace yake, yau da asuba na tsamo kifi na biyu a mace. Na haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 120, kwana goma ke nan yau. Na zuba farin yashi da busassun duwatsu, na sa filta da famfo ɗaya mai kaɗa ruwa, gishirin kuma na musamman ne na kifin teku ba na miya ba, na dama shi da ruwan burtsatsen gidanmu. Wanda na saya a wurinsa ya ce in bar ruwan ya kwana uku ya zauna shi ke nan, to da ya kwana ukun na ga ya yi garau kamar gilashi sai na sa aka kawo min kilawun guda uku, masu ruwan lemo da farin zane ɗin nan da yara ke gani a katun.

Kwana biyun farko lafiya lau suna ci har suna rige-rige, yarana ma sai su riƙa zuba musu abinci duk sanda suka wuce. Daga nan sai na farko ya daina ci, ya koma saman ruwa kusa da bakin famfo yana haki, kunnuwan nan nasa na numfashi suna buɗewa suna rufewa da sauri, launinsa ya koɗe, washegari na same shi kwance a kan yashi. Na biyun ma haka ya yi sak. Yanzu ƙaramin ne ya rage kuma shi ma tun jiya ya maƙale a bayan dutse. 'Yata mai shekara shida har suna ta sa masa, ɗazu kafin ta tafi makaranta sai da ta tambaye ni wai shi ma zai mutu ne, na rasa abin da zan ce mata. A Kano nake, kun san irin zafin da ake yi yanzu, kuma da daddare akan ɗauke wuta awa uku ko huɗu. Ruwan in ya ragu ina ƙara masa wanda na dama da gishiri. Cuta suka zo da ita ko ni ne na yi kuskure?

MaiTarwada:

Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Ni dai tarwaɗa nake kiwo ban taɓa riƙe na teku ba, amma wannan hakin a saman ruwa na san shi sarai, mu in muka ga haka ruwa ne ya lalace sai a sauya. Kuma ka tuna tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama shi ya sa take jure dagwalo, naka ba shi da wannan gatan. Ka hana yaran nan zuba abinci tukuna, ragowar abinci ita ke fara ɓata ruwa. Sauran bari masana su zo.

Tsohon_Hannu:

Malam sannu da haƙuri, na ji zafin abin nan domin ni ma da haka na fara, kifi huɗu na binne a watana na farko kafin wani ya zaunar da ni. Tun daga inda ka ce kwana uku na gane matsalar. Tankinka bai yi saikil ba.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta wurin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe su ma amoniya suke zama. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani da suka zauna a jikin dutse da yashi da soson filta, wasu su juya amoniya ta koma naitirayit, wasu su juya naitirayit ta koma naitiret wadda ba ta da illa sosai in ba ta taru ba. Su waɗannan bakteriya ba a kwana uku suke yaɗuwa ba, yawanci sati huɗu zuwa shida ne, kuma kai busasshen dutse ka sa wanda babu komai a jikinsa, da dutse mai rai ne da aka ciro daga tsohon tanki da abin ya zo da sauƙi. To ka ga kifi uku suna zuba amoniya dare da rana, yara suna ƙara abinci, babu mai kwashewa. Kuma amoniya ba ta da launi, ruwa zai yi garau har ka ji kamar ka sha alhali yana ƙona musu kunnuwa, in kunnuwan suka ƙone ko da iska a ruwan ba sa iya ɗauka, shi ne hakin da ka gani.

Abin da ya sa ta fi muni a ruwan gishiri, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa), yana wajen 8.1 zuwa 8.4 ne, kuma duk sanda pH ya hau da maki ɗaya ɓangaren amoniya mai dafin yana ninkuwa kusan sau goma, zafi ma yana ƙara shi. Shi ya sa adadin da kifin ruwan daɗi zai jure a pH 7 sai ya kashe na teku.

Yau ɗin nan kafin komai ka nemo kayan gwajin amoniya da naitirayit na ɗigawa, da abin auna gishiri, in da hali rifiraktomita domin haidiromita ta roba mai allura takan yi ƙarya in kumfa ta maƙale mata, da kuma tamomita ta auna zafin ruwa. Ka dama sabon ruwa a bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba, ka sa famfo ya juya shi sosai har gishirin ya narke tas, ka sauya kamar kashi 30 cikin ɗari. In ka samu maganin gyaran ruwan nan Seachem Prime ka zuba yadda aka rubuta a kwalbar, da bakteriyar kwalba irin su Stability ko Dr Tim's, suna taimakawa amma kada ka ɗauka sun maye gurbin sauya ruwa. Abinci ka tsayar kwana biyu, ba zai mutu da yunwa ba wlh.

Sai maganar ƙarin ruwa, nan ma akwai gyara. Ruwa ne yake tashi ya bi iska, gishiri yana nan inda yake, in ka cike da mai gishiri kullum ƙara masa kauri kake yi. Da ruwa zalla ake cikewa. Ka auna ka gaya mana lambobin.

Uwargida_Abj:

Sannu Malam, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Duk abin da Yaya Tsohon_Hannu ya faɗa haka ne, amma ni ina da tambaya ɗaya saboda abin da ya taɓa faruwa da ni. Waɗanda suka mutun, ka ga wani farin yauƙi kamar majina yana saɓulewa daga jikinsu, musamman wajen kai da baya? Domin akwai wata cuta Brooklynella da har ana ce mata cutar kilawun saboda yadda take kama su, ta fi zuwa da waɗanda aka kamo daga teku, ita ma da haki da ƙin cin abinci take farawa kuma cikin kwana ɗaya ko biyu take gamawa da kifi. Nawa tankin ya shekara, amoniya sifili, na kawo sabuwa guda ɗaya ban killace ta ba, na wayi gari na ga fatarta kamar an shafa mata koko. Ita maganinta wankan sinadarin fomalin ne a wani mazubi daban, maganin jan ƙarfe da ake ba masu farin ɗigo ba ya yi mata sosai. Kafin a samu fomalin akan tsoma kifin a ruwa marar gishiri minti uku zuwa biyar, amma sai zafinsa da pH ɗinsa sun yi daidai da na tanki. Dan Allah kada ka yi wannan sai ka tabbata ka ga yauƙin, kifin da amoniya ta riga ta galabaita in ka tsoma shi kana iya ƙarasa shi ne.

Ka haska shi da tocila da daddare daga gefe, in akwai yauƙi ko ɗigo-ɗigo kamar gishiri ko ƙura mai ruwan zinariya za ka gani.

Wani abu kuma, uku ba lissafin kilawun ba ne a ƙaramin tanki. Duk cikinsu babu wadda aka haifa mace, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama macen, na biyu ya zama mijinta, na ukun kuma sai su sa shi a gaba da cizo. Nan gaba biyu sun isa.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka da alheri. Na samo kayan gwajin da ƙyar a wurin wani abokin aiki. Amoniya ta nuna tsakanin 1 da 2, naitirayit 0.25, gishiri 1.030, zafin ruwan kuma 31 da la'asar. Gaskiya tun farko da kofi na auna gishirin, ban san ana auna shi da na'ura ba. Hajiya na haska shi kamar yadda kika ce, babu yauƙi babu ɗigo, fatarsa sumul take sai dai launin ya dusashe, waɗanda suka mutun ma ban ga komai a jikinsu ba. Na sauya lita 35, na kuma ɓoye gwangwanin abincin a saman firij.

Tsohon_Hannu:

To ai ga amsar nan a lambobinka, abu uku ne suka haɗu masa. Amoniya sifili ake so, ko 0.25 ma ƙararrawa ce balle 1 zuwa 2. Naitirayit ɗin kada ta tayar maka da hankali sosai, a ruwan gishiri ba ta da kaifi kamar a ruwan daɗi, kuma fitowarta ma alama ce bakteriyar farko sun fara aiki. Gishiri 1.025 ake nema, amma kada ka sauke shi lokaci guda, ka riƙa ɗebe lita uku ko huɗu kana mayar da ruwa zalla kullum, ya sauka a hankali cikin kwanaki. Ruwan burtsatse kuwa ba ka san me ke cikinsa ba, in za ka iya samun ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace tas, ka koma masa.

Zafin nan shi ya fi damuna yanzu. Su 24 zuwa 27 suke so, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, na gishiri kuma dama bai kai na daɗi riƙewa ba, sai kuma a ɗauke wuta famfo ya tsaya awa huɗu, ka lura ai duk da asuba kake samunsu a mace. Ka cire murfin ka sa raga a madadinsa domin suna tsalle, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, ka kashe fitilar tankin da rana, ka juya bakin famfo sama ya riƙa fasa fuskar ruwa. In ya wuce 29 ka jefa robar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi yawo a ciki, amma ka sa ido kada ya faɗo da sauri. Sannan ka sayi famfon iska mai batir ko ka ja wa tankin layi daga inbata in kana da ita, wannan ba kwalliya ba ce a garinmu.

Kullum ka gwada amoniya safe da yamma, in ta haura 0.5 ka sake sauya ruwa. Kada ka ƙara ko kifi ɗaya sai amoniya da naitirayit sun zauna a sifili sati biyu a jere, kuma sabon da zai zo ya fara yin wata guda a wani ƙaramin tanki kamar yadda Hajiya ta nuna.

Sabon_Shiga:

Salam, kwana huɗu ke nan. Na sauya ruwa sau uku, amoniya ta sauko 0.25, gishiri 1.027, fankar ta riƙe zafin a 28 amma kai ruwan yana tashi fa, kusan lita uku nake cikewa kullum. Jiya an ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare na tashi na kunna mai batir ɗin na zauna ina kallonsa har ya koma bayan dutsensa. Yau da safe ya fito, na jefa masa ƙwaya biyu ya cinye ɗaya ya tofar da ɗaya, hakin ma ya ragu sosai. Yaya ina da tambaya, soson filtar ya yi datti, in wanke shi a famfo ko in bar shi?

Tsohon_Hannu:

Alhamdulillahi, na ji daɗi wlh. A'a kada ka kai shi famfo, bakteriyar da muke ta lallaɓawa a cikinsa suke. In za ka sauya ruwa ka tara tsohon a bokiti, ka matse soson a ciki sau biyu ko uku a hankali ka mayar da shi yana jiƙe. Jibi ka sake turo mana lambobin.