Neman shawara: na ɗora tsohon labari a kan sabbin ƙa'idoji, 'yan wasana sun ƙare a zama ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni jan wasan Dungeons & Dragons. Wasa ne na labari: mai jan wasa yana ba da labarin, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, ana jefa 'yan lido don a ga abin da zai faru. Shekara biyu ke nan ina jan wasa da ƙa'idojin bugu na biyar, na 2014, ni da ƙannena biyu da abokansu biyu. Kwanan baya na samu tsohon labarin nan The Keep on the Borderlands, wanda Gary Gygax ya rubuta a 1979, ya kuma shiga raina sosai: ganuwa guda a bakin daji, ga kwazazzabo cike da kogunan dodanni. Sai na kwafe shi yadda yake, na dai musanya kowane dodo da takwaransa na sabon littafi.

A bakin kogon farko kobol takwas, wato wasu ƙananan dodanni, suka dirar wa jaruman 'yan wasana. A sabbin ƙa'idoji, in kobol yana da ɗan'uwansa kusa da wanda yake kai wa hari, ɗan lido biyu ake jefa masa a ɗauki mafi girma. Mai sihirinmu makin ransa bakwai ne, suka biyu ya faɗi. Kafin zagaye na huɗu babu mai tsayuwa. Ƙanwata ta yi mako guda tana zana jarumarta da fensir mai launi, har da tabon da ke goshinta. Ta ninke takardar ta sa a aljihu, ba ta ce uffan ba. Abin ya tsaya min a rai. Ina son labarin, ba na kuma son in sake yi musu haka. In rage dodannin ne, ko in haƙura da tsofaffin labarai?

Amsar wani dattijo da ya fara wasa da tsoffin ƙa'idoji:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka haƙura. Dodannin ka ɗauko, ka baro ƙa'idojin da suke riƙe da su a baya.

Fara da adadin mutane. An tsara labarin ne don jarumai shida zuwa tara, kuma a wancan zamani akan ɗauki 'yan haya, mai riƙe tocila da masu mashi. Kai kuma huɗu ka tura.

Amma babban abin shi ne dukiya. A tsohon tsari, kowane tsabar zinari ɗaya da ka fito da shi daga kogo makin gogewa ɗaya ne, wato makin da jarumi ke tarawa don ya hau mataki. Mayaƙi na buƙatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, kuma kashe ƙananan dodanni ba ya kawo abin kirki. Don haka wanda ya lallaɓa ya kwaso dukiya ba tare da ya zare takobi ba, shi ne gwani. Bugu na biyar kuwa maki 300 ne kawai, kuma galibinsu daga faɗa suke zuwa. Yaranka abin da tsarin ya koya musu suka yi: sun ga dodo, sun afka.

Sai ƙa'idoji biyu da nake roƙonka ka maido. Ta farko, in an yi kiciɓis da dodanni, jefa 'yan lido biyu masu fuska shida ka ga da wace fuska suka karɓi baƙi. Ƙaramar lamba faɗa, babba maraba, tsakiya kuma shi ne ya fi fitowa: su tsaya suna kallon kallo, a samu damar magana. Ta biyu, ƙarfin zuciya. In na farkonsu ya faɗi, ko rabinsu suka ƙare, sake jefawa. In lambar ta haura lambar ƙarfin zuciya da tsohon littafi ya ba dodannin, su arce ko su miƙa wuya. Da ka yi haka, kobol ɗin nan da wuya su tsaya har zagaye na huɗu.

Kuma ka karanta kogunan da kyau. Mazaunansu ba tsintsiya ɗaya ba ne. Akwai masu gaba da juna, akwai ƙaton dodon da kuɗi kawai yake yi wa aiki. Bari 'yan wasanka su ji wannan a bakin mutanen ganuwa tun kafin su fita.

Amsar wata 'yar uwa:

Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. A tsoffin littattafai lambar sulke, wadda ke nuna wahalar samun mutum da sara, ƙasa take yi, mafi ƙanƙanta ita ce mafi ƙarfi. Cire ta daga 19 ka samu wadda za ta yi aiki yanzu: sulke 6 ya zama 13. Sannan duk inda aka ce guba tana kashewa nan take, mayar da ita rauni mai tsanani. Batun ƙanwarka kuma, tunda dodannin nan suna kama fursuna, me zai hana jarumarta ta farka a ɗaure cikin kogo? Ka ba ta takardarta ta warware.

Amsar wani ɗan'uwa:

Ni ina da ja kaɗan. Ba kowa ke da lokacin wannan lissafi ba, kuma an riga an yi aikin. Kamfanin Goodman Games ya fitar da Into the Borderlands a 2018, da tsohon rubutun da sabon juyi a littafi ɗaya. Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, su ma sun tara labarai bakwai a Tales from the Yawning Portal a 2017. In daga can za ka fara, ɗauki The Sunless Citadel, don sababbin jarumai aka yi shi. Ka nisanci Tomb of Horrors tukuna, tarkunansa ba na masu koyo ba ne.

Dattijon ya ƙara da cewa:

Gaskiyarka ɗana, littattafan suna rage wahala. Sai dai lambobi suke gyarawa. Ko da su a hannu, in mai jan wasa bai bar ƙofar gudu da ta sulhu a buɗe ba, abin da ya faru zai sake faruwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa ƙanwata maganar farkawa a ɗaure, nan take ta tambaye ni ko an ƙwace mata wuƙar da ke cikin takalminta. Na ce ba su gani ba. Zan maido jifan zuciya da makin zinari, in kuma ba su 'yan haya biyu daga ganuwa. Saura abu ɗaya, Baba: da yake 300 kawai suke buƙata, in bar zinari ɗaya a maki ɗaya, ko in rage don kada su haura mataki tun a kogon farko?