Filastar bangon banɗaki kafin a manna tayil: abin da magina suka ce

Mun zauna da wasu magina kan wannan batu, kuma kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: tayil ba ya gyara bango. In filasta ta karkace, haka tayil zai bi ta.

Sun fi son filastar siminti da yashi, kwano ɗaya na siminti, huɗu na yashi mai tsabta. Farar filastar jifsam kuwa ba ta jure ruwa, sai ta yi laushi a bayan tayil, don haka a nisanta ta da wurin wanka. Kada kuma a goge fuskar filastar ta yi santsi. A bar ta da ɗan kaushi don abin mannawa ya samu wurin kamawa.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne gaggawa. Siminti yana tsukewa yayin bushewa, in aka manna tayil da wuri sai ya tsage ko ya ɓamɓaro. A riƙa yayyafa wa filastar ruwa kwanakin farko, sannan a ba ta aƙalla mako 2. Ni dai a nan na fi jin takaici, don na ga banɗakin da aka sake fasawa saboda rashin haƙurin 'yan kwanaki.

Wani dattijo ya ƙara da cewa a saki ruwa a bututu a gwada kafin a rufe shi. A ƙwanƙwasa tsohuwar filasta, inda ta yi ƙarar rami a sare. Wajen shawa kuma a shafa maganin hana ruwa shiga, musamman a kusurwoyi.